Abin da Radiyya Ta Faɗa a Rediyo

Ndar, ƙasar Sanagal
Watan Satumba

Zuwa ga Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Baba da Inna da ƙanwarmu Saude da duk mutanen gida.

Saƙonka ya iso. Tunda aka katse sabis ɗin waya a Sabon Birni da Isa hankalina bai kwanta ba, sai da na ga hoton takardarka. Dabararka ta yi kyau. Duk ranar da ka ƙetara Gidan Runji da kayanka, ka ɗauki hoton wasiƙar gida ka turo da layin Nijar, ni kuma za ka tarar da tawa tana jiranka, ka kai ka karanta musu.

Ka ce Inna tana tambaya wai har yanzu yashi nake aunawa? Ka ce mata e. Ga yadda za ka bayyana mata. A nan akwai wani zirin rairayi dogo siriri, kogi ta gabas, teku ta yamma. Masunta sun yi gari a kansa. Shi ne katangar da ke tare wa babban gari ruwan teku. A bayansa akwai tuddan yashi irin jigayin da ke kan hanyar garinmu Burkusuma, sai dai waɗannan iskar teku ce ta tara su. Aikina shi ne in san inda yashin ke tafiya. Muna kafa turaku, mu auna tsayin tudu bana, mu sake aunawa baɗi, mu tashi ɗan ƙaramin jirgi maras matuƙi ya ɗauko mana hoton gaɓar daga sama. Akwai unguwar da na auna shekarar da na zo, yau ɗakunanta na cikin ruwa, sai ƙofar wani masallaci da ke leƙowa idan teku ta janye. Inda aka dasa wani icce da suke kira filawo, tudu na tsayawa. Inda aka sare shi, iska na kwashe yashin kamar gari a faifai.

Wani lokaci ina dariya ni kaɗai. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin garinmu ba sai da ta je Legas karatun digiri na biyu, yau ita ce ke gaya wa masunta halin teku. Ka tuna da na ce za ni karanta ilimin ƙasa da duwatsu a Sakkwato, ka ce ai gara in zama malamar asibiti, ko allura a samu a gida?

Ga albishir. Na gabatar da bincikena a wani taro a Dakar, kuma wani gidan rediyo mai sashen Hausa ya yi hira da ni. Za su sa ta ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar. Don Allah ka sayo wa Baba batir. Ina so ya ji sunansa a bakin 'yan rediyo, domin na sa sun kira ni Radiyya Ɗanmusa Burkusuma.

Sannan malamata ta ce idan na kammala digirin nan na uku akwai gurbin bincike a ƙasar Holan, inda suka ƙware da tuddan bakin teku. Ban amsa ba tukuna.

Ba ka ce mini komai game da gona ba. Yaya gero ya yi bana? An fara yanka?

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Radiyya

*

Gidan Runji
Watan Oktoba

Radiyya,

Wa'alaikumus salam. Muna lahiya, kowa na gaishe ki. Na daɗe riƙe da alƙalamin ga ban san ta inda za ni kama ba, don haka za ni hwaɗa miki yadda ta kasance, ki yi haƙuri da ni.

Batir na saya. Baba bai tsaya ga jin ki shi kaɗai ba. Tun ranar Laraba yake bin mutane shina gaya musu ɗiyarshi za ta yi magana a rediyo. Ranar Juma'a ya sa farar rigarshi ta Idi, ya ɗauki rediyo ya kai teburin Lawwali mai shayi, nan bakin tasha, inda dattawa ke zama. Mutane sun taru, har da waɗanda ba a gayyata ba. Da anka ce Radiyya Ɗanmusa Burkusuma, Baba ya gyara zama. Kin yi magana mai kyau kan teku. Ba mu gane duka ba, amma mun ji daɗi.

Sai mutumin ya tambaye ki ko a garinku akwai irin wannan matsala. Kin san abin da kika ce, amma bari in maimaita miki yadda munka ji shi. Kika ce mu can hamada ba zuwa take ba, gayyato ta ake yi. Kika ce masu sare icce su sayar su ne ke buɗe mata ƙohwa, kuma duk wanda ya sare icce don kwabon yau ya ci amanar jikokinshi.

Radiyya, icce Baba ke sayarwa.

Mun bar Burkusuma tun kahin ruwan hwarko. Mutanen daji sun shigo ƙauyen da ke kusa da mu, sunka kashe na kashewa, sunka aiko cewa mu ne na gaba. Mun kwaso abin da jaki zai iya ɗauka munka shigo Sabon Birni, muna zaune gidan Kawu Usaini, ɗaki biyu. Gonar da kike tambaya ba a shuka ta ba. Baba ba ya iya zaman banza, kin san shi, kuma ba ya iya miƙa hannu. Sai ya kama zuwa bayan gari da gatari da jakin nan, ya saro, ya kasa a bakin tasha. Kusa da teburin Lawwali yake kasawa. Duk wanda ke wurin nan ya taɓa sayen icce hannunshi.

Shi ya hana a gaya miki. Ya ce, "Yarinya na karatu a ƙasar mutane, kada wanda ya ɗora mata kayan da ba ta iya saukewa."

Da maganar ta hito, kowa ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya dubi Baba, kuma wannan ya hi a dube shi ciwo. Sai wani ɗan banza daga baya ya ce, "To, Malam Ɗanmusa, ɗiya ta yi maka wa'azi." Wasu sunka yi dariya. Lawwali ya daka mishi tsawa, amma maganar ta riga ta hita. Baba ya bari har anka gama shirin, bai kashe ba. Sannan ya naɗe eriya, ya ce, "Allah shi yi mata albarka," ya tashi. Na bi shi a baya har gida, bai waiwayo ba.

Tun ranar bai koma tasha ba. Gatarin na jingine bayan ɗaki. Masallaci kaɗai yake zuwa, shi ma sahun baya, ya sallame ya hito kahin a gaisa.

Ban rubuto don in zage ki ba. Da na tashi rubutu da zagi na taso, ya huce a hanya. Amma ba ni iya ci gaba da ce miki gero ya yi kyau.

Yayanki,
Kalilu

*

Ndar
Watan Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka.

A bakin teku na karanta takardarka, muna tsakiyar awo. Na zauna a kan yashi na kasa tashi, har abokin aikina ya zaci ciwo ne ya kama ni. Na ce masa labarin gida ne. Ya tambaya ko rasuwa aka yi, na ce a'a.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar ba suɓutar baki ba ce. Na shirya ta. Na san za su tambaye ni gida, na zauna na tsara ta, na maimaita ta a ɗaki har ta yi daɗin faɗa. Da na fito daga hirar ina jin kaina, ina cewa yau na yi Hausa. Ina tunanin Baba zai ji ya ce ɗiyarsa ta gado shi.

Kuma ka san wani abu? A nan ma akwai masu sare filawo. Mata ne, suna bandar kifi da shi. Na san su, ina cin abinci a gidajensu. Akwai wata tsohuwa, Mam Kumba, teku ta cinye ɗakinta, ta koma cikin tanti da jikokinta, da bandar kifin nan take ciyar da su. Ban taɓa tsayawa a wani taro na kira ta maciya amana ba. A rubutuna na bincike, shafi guda na ɓata ina bayanin abin da ya tura su ga saran. Mutanen da na zauna da su na yi musu uzuri. Mutanena, da na yi shekaru ban taka ƙasarsu ba, su na yanke wa hukunci da baki ɗaya, kuma da harshensu, yadda babu wanda zai ce bai ji ba.

Ina jin haushinku ma, ba za ni ɓoye ba. Kun bar gida, kun kwana a hanya, ni ina nan ina turo muku hoton jirgin ruwa. Duk lokacin da na kira kafin a katse waya, Inna na cewa lafiya lau. Amma idan na fara jin haushin sai in tuna ina jin labarin yankinmu a rediyo kullum. Na san ana tashin ƙauyuka. Ban matsa da tambaya ba domin amsar da kuke ba ni ta yi mini daɗi.

Na nemi lambar mutumin da ya yi hirar. Za ni roƙe shi ya sake ba ni fili in janye maganata, in faɗi halin da mutanenmu ke ciki, in nemi gafarar Baba a inda na kunyata shi. Ka gaya mini ranar da ta dace.

Yaya kuke ci yanzu? Ka faɗa mini gaskiya.

Radiyya

*

Gidan Runji
Watan Nuwamba

Radiyya,

Sallama da gaisuwa. Kada ki koma rediyon nan. Na roƙe ki da girman Allah. Yanzu mutanen tasha kaɗai sunka san abin da ya hwaru. In kika koma, har na Kano da na Yamai sai sun ji cewa Malam Ɗanmusa na Burkusuma ya zama mai icce. Ke za ki ji sanyi, shi za a ƙara tuɓe shi.

Kina zaton hushi yake da ke. Ni ma haka na zata. Shekaranjiya na same shi zaune shina gyaran igiyar jaki, na ce, "Baba, yarinyar nan ba ta sani ba, ka yahe mata ka koma sana'arka."

Ya ce, "Mi za ni yahe? Ƙarya ta yi?"

Na ce, "Ba ta san halin da ake ciki ba."

Ya ce, "Iccen ya san halin da ake ciki? Gawon da na sare bayan makarantar boko ya girme ka. Da hannuna na kada shi, ina sara ina istigfari."

Kin manta ko wane ne Baba a Burkusuma? Shi ne wanda in ya kama mutum shina sassaƙar gawo a gona sai ya kai shi gaban hakimi. Mu kanmu mun sha bulala kan reshe. Abin da kika hwaɗa a rediyo, a bakinshi kika koye shi, kin dai sa mishi riga. Tun da ya hwara saran nan bai sami wanda zai gaya mishi gaskiya ba, kowa na cewa lalura ce. Sai ga shi ya ji muryarshi ta hito daga bakin ɗiyarshi, gaban jama'a. Shi ya sa ya kasa ɗaukar gatarin.

Kin ce in hwaɗa miki gaskiya, to ga ta. Fataucina ya ja baya, mai ya yi wuya, hanya ba kullum take biyuwa ba. Abin da nake kawowa ba ya kai mu. Da iccen Baba ake cikawa. Da ya daina, sai na ga Inna ta yawaita hita. Ashe ita da Saude sun kama hita da sassahe, wai sun tahi gidan suna ko gaisuwar rasuwa, su bi matan unguwa zuwa bayan gari su yi itacen girki, su sayar da rabi. Kusa da gari an gama kwashewa, sai an yi nisa. Makon jiya anka tare wasu mata ta wajen hanyar Kurawa, anka tahi da biyu, har yau ba labari. Ranar Inna da Saude na cikin wani ayarin, Allah ya sa ta wata hanya sunka bi.

Na yi wa Inna magana, ta ce in kawo abin da za a dahwa ta zauna. Baba bai sani ba. Inna ta ce in na gaya mishi ba ta yahe mini ba, wai kunya ɗaya ta ishe shi. Ni kuma gobe in wani abu ya sami Saude, da wace huska za ni dube shi?

Ni dai na rasa. Ke ce mai ilimi.

Kalilu

*

Ndar
Watan Nuwamba

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗanmusa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina durƙushe ina gaishe ka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya mayar da ku gida cikin aminci. Na roƙi Yaya ya karanta maka wannan kai kaɗai, kuma kada ya tsallake ko kalma.

Na san komai yanzu. Kada ka yi wa Yaya faɗa, ni na sa shi a gaba.

Baba, na so in rubuto in ce maganar da na yi ƙarya ce, amma ka fi ƙarfin in yi maka wayo. Icce na riƙe ƙasa, kai ka koya mini kafin kowane malami, kuma abin da nake aunawa ke nan kullum. Sai dai rabin magana na faɗa, na bar rabin da ya fi nauyi. A aikinmu, idan tudu ya rushe, ba a tsayawa ga hannun da ya taɓa shi a ƙarshe. Ana tambayar abin da ya tura mutane suka taru a wuri ɗaya har ƙasar ta kasa ɗaukarsu. Na san wannan, na rubuta shi game da mutanen wata ƙasa, na zo kan nawa na manta. Wanda ya raba manomi da gonarsa da bakin bindiga, shi ya sare gawon nan. Shekara nawa kana tsaron itatuwan Burkusuma ba wanda ya biya ka? Ban ambaci wannan a rediyo ba. Na tsaya a inuwar da ka dasa na jefe ka. Ka gafarce ni.

Akwai abin da aka ce kada a gaya maka, ni kuma za ni faɗa, domin ɓoye-ɓoyen nan ne ya kai mu inda muke. Tun da ka ajiye gatari, Inna da Saude ke fita daji neman icce. Ka san abin da ya sami matan hanyar Kurawa. Inna ta yi ne don ta rufa maka asiri, kada ka ga laifinta. Idan akwai mai laifi, ni ce. Ba ni da bakin da za ni ce maka ka koma sara, bayan abin da bakin nan ya yi. Na dai gaya maka, kai ne mai gida.

Abu na ƙarshe. An ba ni gurbin bincike a Holan bayan na gama nan. Malamata na jiran amsa. Da farko na so in tafi. Yanzu idan na tuna sai in ji kamar gudu ne. Ina iya dawowa Sakkwato in nemi koyarwa, in kasance kusa da ku, ko da ba teku a can. Ban san wanne ne daidai ba, kuma na daina yarda da dabarata a kwanakin nan. Abin da ka ce shi za ni yi.

Ɗiyarka mai neman gafara,
Radiyya

*

Sabon Birni
Watan Disamba

Radiyya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Yayanki ke rubutawa, ni ke hwaɗa.

Takardarki ta iso, an karanta mini. Uwarki da Saude na gida, ba su ƙara hita ba. Jiya na ɗauki gatari da jaki na tahi saran icce, na dawo da rana tsaka, na kasa a bakin tasha inda na saba. Lawwali ya ba ni shayi. Ba wanda ya tada zancen ranar nan.

Gahwara da kike nema, na ba ki, in akwai abin yahewa. Maganar rediyo kada ki sake tada ta, ko a takarda.

Ki tahi inda anka kira ki. Ba don ki zauna kusa da ni na kai ki makaranta ba. Kuma kada ki zo yanzu, hanya ba kyau.

Tambaya ɗaya gare ni, ki amsa mini in kin sami sarari. Mutanen nan da teku ke cinye wa gidaje, a cikin waɗanda kika sani, akwai wanda ya taɓa komawa?

Allah shi yi miki albarka.

Mahaihinki,
Ɗanmusa